Inuwa Ba Ta Yanka Rasit: Yadda Lambun Unguwa Ke Komawa Wurin Ajiye Motoci

 Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara.

Yau daga Zuru nake magana, kuma zancen bishiya da mota za mu yi. Akwai wata rigima da ake yi a garuruwa da yawa, kusan salonta ɗaya ko'ina. Fili ne a tsakiyar gari, da mangwaro da darbejiya, wataƙila da ɗan lambu a gefe. Wata rana sai a ga mutane da igiyar awo suna kafa turaku. A tambaye su, su ce ai wurin ajiye motoci za a yi, ko tasha, ko shaguna da wajen fakin a gaba. Mutanen unguwa su ce ba su yarda ba. Hukuma ta ce ci gaba ne. Kafin a gama musu, injin yankan katako ya gama aikinsa.

Abin da nake so mu gane yau shi ne dalilin da ya sa irin wannan fili ake fara ci, da abin da ya sa wasu ke iya kare nasu, wasu kuma su ƙare da ihu bayan hari.

Me ya haɗa Zuru da wannan magana? Garin faɗaɗa yake yi. A 2020 aka mayar da kwalejin aikin gona ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, ga ɗalibai ga ma'aikata. Rashin tsaro a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba ya turo iyalai da dama cikin gari. Ranar kasuwa ko lokacin bikin Uhola, ka san yadda hanya ke cushewa. Mutum ya ƙaru, abin hawa ya ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Duk garin da ya kai nan, idon kowa kan filin da ba a gina ba yake komawa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

To bari mu fara da tushe. Wa ke da filin?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna, a matsayin amana ga jama'a. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin gwamna kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin amfani da shi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjaya. Kun ga ke nan, ko kakanka ne ya dasa itacen, takardar da ke ofis ita ke magana.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A tsarin mulkin 1999, jadawali na huɗu ya jera ayyukan ƙananan hukumomi. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. A layin da ke biye kuma akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da kula da su. Wato ofis ɗaya aka ba aikin biyu. Amma ku dubi bambancin. Tasha tana kawo kuɗi kullum, ana yanka rasit, akwai mai karɓa, akwai littafi. Lambu kuwa kuɗi yake ci: mai ban ruwa, mai shara, mai gadi. Ka sa kanka a kujerar shugaban da albashi ya yi wa yawa, aka kawo masa takarda biyu, ɗaya ta ce shiga, ɗaya ta ce fita. Wacce zai sa wa hannu?

Wannan shi ne zuciyar maganar. Ba sai shugaba ya zama mugu ba kafin ya sare itace. Inuwa ce ba ta shiga lissafi. Mai shayin da ke ƙarƙashin tsamiya, tsofaffin da ke zaman hantsi, yaran da ke buga ƙwallo, matar da ke tallan gyaɗa a gindin darbejiya, babu ɗayansu da ya bayyana a takardar mai awo. A takarda, wurin “fili ne da ba kowa”. Ko diyya aka tashi biya, abin da aka gina da amfanin gona da itatuwan da ke ba da 'ya'ya ake yi wa kuɗi. Ba wanda ke biyan unguwa diyyar sanyin da ta rasa.

Yanzu a yi adalci. Masu cewa a yi wurin ajiye motoci ba ƙarya suke yi ba. Matsalar tana nan. Babbar mota ta tsaya sauke kaya a bakin titi, ta tare rabin hanya. Mai ɗauke da mara lafiya ya maƙale a cunkoso. Ɗan kasuwa ya rasa ciniki don mai saye bai sami inda zai tsaya ba. Direba ma ɗan gari ne, abincinsa yake nema. Duk wanda ya fito kare itace yana yi kamar waɗannan ba komai ba ne, tun a zaman farko za a kayar da shi.

Amma mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Ƙaramar mota ɗaya tana cin wuri kamar mita 2.5 a faɗi, mita 5 a tsawo. Idan ka haɗa da hanyar shiga da fita da wurin juyawa, kowace mota tana cin kusan murabba'in mita 25. Fulotin da muka sani, ƙafa 50 da ƙafa 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba. Raba ka gani: mota 18 ke nan, in an matsa. Fuloti guda cur, mota 18. Wurin mota ɗaya kuwa zai ɗauki babur biyar ko shida, kuma ku faɗa min, a garuruwanmu wa ya fi yawa, mai mota ko mai babur da mai tafiya a ƙasa? Sau da yawa ana karɓe abin da ɗaruruwa ke amfani da shi a ba mutum ashirin. Kuma in gari ya ci gaba da girma, bayan 'yan shekaru wurin ya cika, motoci su koma bakin titi, a fara neman wani filin.

Sai lissafin lokaci. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yana ɗaukar shekara biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, kuma kafin ya yi inuwar da mutum goma za su zauna, an yi shekaru masu yawa. Ɗorawa da tsamiya da kaɗanya sun fi haka jinkiri. Sare shi kuwa aikin hantsi ɗaya ne. Shi ya sa in aka ce maka “za mu dasa wasu a madadinsu”, ka tambaya: wa zai ba su ruwa a watan Maris? Wa zai kare su daga awaki? Ɗan dashe mai tsawon gwiwa ba ya maye gurbin itacen da ya girmi babanka.

Me itacen yake yi mana da ba ma gani? Abu biyu zan ambata.

Na farko zafi. Itace yana tare rana kafin ta taɓa ƙasa, wannan kowa ya sani. Amma akwai na biyunsa: saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa, ganye yana fitar da shi kamar gumi, kuma wannan fitar ruwan tana sanyaya iskar da ke kewaye. Irin aikin randa ne, da take tsatsa ta sanyaya ruwan cikinta. Shi ya sa inuwar itace ta fi inuwar rumfar kwano daɗi. Kwalta da siminti kuwa shan zafi suke yi da rana, su riƙe, su dinga sakinsa da dare. Unguwar da aka shafe da siminti, ko bayan isha'i ɗaki bai huce ba. Ga wanda ke da janareto da na'urar sanyaya ɗaki wannan ba komai ba ne. Ga tsoho da jariri da mai azumi a watan Afrilu, maganar lafiya ce.

Na biyu ruwa. Ƙasar lambu tana shan ruwan sama, ya sauka ƙasa, ya ciyar da rijiyoyi da burtsatse. In ka rufe ta da siminti, ruwan bai ɓace ba, hanya kawai ya canza. Zai bi kwata, in kwata ta cika ya bi titi, in titi ya cika ya shiga gidan wanda ke gangare. A gari irin Zuru mai tuddai da duwatsu, ruwa da gudu yake saukowa, yana tafe yana cin ƙasa. Wanda ya ajiye mota a sama bai san abin da ya jawo wa na ƙasa ba.

To, mu leƙa Kano, don can ne aka fi ganin wannan a fili a Arewa. Duk wanda ya san birnin ya san yadda aka cike kududdufai da yawa aka yi gini a kansu, da yadda gine-gine suka ci jikin badala. Waɗannan kududdufan su ne ke karɓar ruwan damina a da.

Sai maganar Gidan Zu, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Wuri ne mai faɗi cike da manyan itatuwa, a yankin da yanzu gari ya kewaye ta ko'ina. A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayyana shirin mayar da shi Tiga, bisa dalilin cewa cunkoso da hayaniyar gari suna damun dabbobin. Dalili ne da za a iya saurara. Amma tambayar da mutane suka yi ta yi a rediyo da Facebook ita ce: in dabbobi sun tashi, filin fa? Itatuwan fa? Tsoron jama'a shi ne a yanka wurin a yi shaguna da gidaje. Aka yi ta surutu tun abin yana matakin sanarwa. Wa'adin gwamnatin ya ƙare a 2023, Gidan Zu yana nan inda yake.

Ku kwatanta da wuraren da aka riga aka gina. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka shiga rusau: gine-ginen filin sukuwa, na tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da ke jikin filin Idi. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka ce da kuɗinsu suka saya, da takardunsu. Aka je kotu, a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce a biya 'yan kasuwar filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ba ina nan don in ce wane ne mai gaskiya a siyasar Kano ba. Abin da nake so ku gani shi ne tsadar gyara bayan an gina. Wanda ya saya ya yi asara, gwamnati ta shiga shari'a, gari ya rabu biyu. Magana kafin a zuba tubali araha ce. Bayan an zuba, kowa sai ya ji a jikinsa.

Misali na gaba daga Kenya yake, kuma shi kam har da wurin ajiye motoci a ciki. A 1989, zamanin Shugaba Daniel arap Moi, aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikin Uhuru Park, babban lambun jama'a da ke tsakiyar Nairobi. A cikin shirin akwai hedikwatar jam'iyya mai mulki, da ofisoshi da kantuna, da wurin ajiye mota 2,000. Wata tsohuwar malamar jami'a, Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta mata a 1977, ta ce ba ta yarda ba. Me ta yi? Wasiƙu ta dinga rubutawa: ga hukumomi, ga jaridu, ga waɗanda za su zuba kuɗi daga waje. Ta kai ƙara, kotu ta kori ƙarar bisa cewa ba ta da hurumin shigar da ita. 'Yan majalisa suka yi mata ba'a. Aka kori ƙungiyarta daga ofishinta, ta koma aiki daga gidanta. Amma maganar ta riga ta fita, masu zuba jari suka janye a farkon 1990, benen bai tashi ba. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ku lura, ta faɗi a kotu amma ta ci a waje, domin ta fara da wuri, kuma ta san inda kuɗin aikin zai fito.

To, in abin ya zo unguwarku, me za ku yi?

Abu na farko, ku sa filin cikin lissafi tun kafin a zo. Wayar da ke hannunka ta isa. Ku ƙirga itatuwan, ku rubuta irinsu, ku ɗauki hoto. Ku rubuta mutum nawa ke cin abinci a wurin, mai shayi, mai faci, mai gyaran waya, mai ƙosai. Ku ɗauki bidiyon inda ruwa ke bi ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ranar da wani ya ce “ai wurin ba kowa”, kuna da amsa a hannu.

Na biyu, ku san wa ke riƙe da takarda. Na jiha ne, na ƙaramar hukuma ne, na makaranta ne, ko an riga an ba wani? A tsarin gari, me aka ware wurin don shi? Ku tambaya a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce hukuma ta amsa cikin kwana 7. Ko ba a amsa ba, kwafin da aka buga wa hatimin karɓa hujja ce a hannunku.

Na uku, ku bi ta ƙofa. Mai unguwa, dagaci, hakimi, kansila, ɗan majalisar jiha. A ƙasar Zuru maganar masarauta tana da nauyi, kuma dattawa sun san tarihin kowane fili fiye da fayil. Matasa ku riƙe rubutu da waya, ku sa dattawa a gaba. Rubutun zagi a Facebook yana tara masu dannawa, amma yana rufe ƙofar ofis.

Na huɗu, kuma wannan ya fi duka muhimmanci: kada ku je da “ba mu yarda ba” kaɗai. Ku je da mafita. Ana iya ajiye motoci a tsakanin itatuwa ba tare da an sare su ba, kuma wane direba ne ba ya son ya dawo ya tarar da motarsa a inuwa? Ana iya zuba tsakuwa maimakon siminti don ruwa ya samu hanyar shiga ƙasa, a bar wa kowane itace fili a gindinsa. Ana iya sa wa manyan motoci lokacin sauke kaya, da sassafe ko da yamma. In cunkoson na ranar kasuwa ne kawai, me ya sa za a kashe lambu na kwana bakwai saboda matsalar kwana ɗaya? A nemi fili a bakin gari na ranar. In kuɗin shiga hukuma ke nema, ku nuna mata cewa wuri mai inuwa ma ana iya karɓar kuɗi a cikinsa.

Na biyar, ku faɗaɗa tabarma. Ku jawo direbobi da 'yan acaɓa da 'yan kasuwa cikin zaman tun farko. Gari irin namu da ke da masallaci da coci, da Lelna da Hausawa da Fulani da sauran ƙabilu, abu mafi sauƙi shi ne wani ya mayar da maganar itace ta zama ta addini ko ƙabila ko jam'iyya. Da zarar ta koma haka, an gama da ku. Rana ba ta tambayar sunan wanda take duka.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, sai dai ta fi shafar manyan ayyuka. Sannan a 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta kai NNPC, ta yarda cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙara kan lalata muhalli. Wato ƙofar da aka rufe wa Wangari Maathai a Nairobi, a Najeriya an buɗe ta. Amma shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kuma alƙali ba ya iya mayar da itacen da ya riga ya faɗi.

Kafin in rufe, akwai darasi ɗaya daga 'yan uwanmu na Maraɗi. A shekarun 1980, bayan fari ya ci ƙasar, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a share gona ƙaf, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a rage rassa, a kula da shi har ya zama itace. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya ji itacen nasa ne, shi zai ci amfaninsa. Haka yake a cikin gari. Filin da aka bari ya zama juji, ana zubar da shara ana bahaya, ranar da aka zo karɓarsa ba mai bakin magana, wasu ma godiya za su yi. Filin da matasan unguwa ke sharewa, suka sa benci, suka kewaye dashe da ƙaya, wannan taɓa shi sai an yi shawara.

Don haka aikin wannan makon mai sauƙi ne. Ka fita unguwarku ka dubi filin da ya rage mai itatuwa. Ka ƙirga su. Ka tambayi wani dattijo wa ya dasa su, kuma na wane ne wurin. Ka rubuta ka ajiye, ka tura mana in ka so, mu karanta a shiri na gaba, ko daga Dabai kake, ko Ribah, ko Mahuta, ko Birnin Kebbi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.